Masu Tura 'Ya'ya Karatun Larabci Waje: Digiri Daban, Iya Karanta Kundin Gida Daban

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon fili a jaridarku in yi magana da iyaye da ɗalibai na nan Sakkwato da maƙwabtanmu na Gwandu da Zamfara, musamman masu shirin tura yaro Azhar ko Madina ko Maroko ya karanto Larabci. Da yawansu in ka tambayi dalili, sai su ce so suke ya dawo ya gaji kakanninsa, ya riƙa buɗe littattafan Shehu da na Malam Abdullahi da na Sarkin Musulmi Bello yana karantar da jama'a. Niyyar ba ta da laifi. Sai dai digirin waje shi kaɗai ba ya kai mutum nan, kuma gara a san haka tun kafin a sayar da gona a yanki tikiti.

Fita neman ilimi ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Malam Jibrilu ɗan Umar, malamin Shehu, ya yi hajji ya zauna a Masar har ya karɓi ijaza daga Murtala Zabidi mai Tajul Arus. Kafin shi, Malam Muhammadu Bakatsine ya karantar a Alƙahira, a can ma ya rasu a 1741. Amma Shehu da kansa bai samu zuwa hajji ba, a Agadas ya juyo. Malam Abdullahi ya ɗauki hanyar gabas, Kano ta tsayar da shi. Duk Larabcin da ya rubuta tafsirin Liya'ut Ta'awili da shi, wanda aka buga a Alƙahira a shekarun 1960, a zaurukan ƙasar nan ya koye shi. Wato muna da Larabci na gida mai rubutunsa da manhajarsa da lissafinsa, kuma ba shi ake karantarwa a azuzuwan jami'o'in waje ba.

Shi ya sa ake samun wanda ya dawo da sakamakon jayyid jiddan, wato sakamako mai kyau ƙwarai, in ya hau mumbari Larabci na zuba, amma a ciro masa warƙa guda daga gafaka sai ya tsaya a layin farko. Ba rashin ƙwazo ba ne. Duk abin da ya karanta a can bugun inji ne da baƙaƙen gabas. Kundayen da ke gidajen malamai a Gidaɗawa da Wurno da Gwandu kuwa da hannu aka rubuta su, a kan tsarin mutanen Magrib. A wannan tsari fa ɗigonta ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya ne a sama, daidai da yadda fa take a bugun Masar. Wanda idonsa bai saba ba zai ga ƙila, wato an ce, ya karanta fil, giwa. Nun da fa da ƙaf in sun zo a ƙarshen kalma sau da yawa ba a ɗiga musu komai, siffar baƙin ce kawai za ta gaya maka ko wane ne. Ya ta ƙarshe takan juya wutsiyarta baya. Yaron da ya yi makarantar allo ya sauke da Warash ya riga ya sami rabin wannan tun yana ƙarami. Matsalar tana wajen waɗanda suka taso a Islamiyya da Alƙur'ani bugun Madina, ruwayar Hafsu, ba su taɓa wanke allo ba, kuma su ne mafi yawan masu samun gurbin waje a yanzu saboda su ke da takardu.

Sai ramzi. Malamanmu sukan rufe littafi ko waƙa da wata kalma da ba ta da ma'ana a ƙamus, baƙaƙenta ne ke ba da shekara ta hanyar hisabi. Hisabin kuwa iri biyu ne, kuma sun saɓa a baƙaƙe shida. A na gabas sin 60 ce, sad 90, shin 300, lad 800, za mai sanda 900, gain 1000. A na Magrib, wanda shi ne namu, sad 60, lad 90, sin 300, za 800, gain 900, shin 1000. Ɗauki shin da ra da lam da ba. A lissafinmu 1000 da 200 da 30 da 2 ne, 1232 ke nan, shekarar da Shehu ya rasu, daidai da 1817. Wanda ya yi da lissafin gabas zai sami 532, ya mayar da littafin baya da shekara 700 cif, ya kuma rubuta hakan a risalarsa, wato kundin bincikensa na digiri, ba tare da mai duba shi ya lura ba, domin shi ma da na gabas ya saba.

Haka sunayen garuruwa da mutane. Ba a sa musu wasali a yawancin kwafi. Sad da kaf da ta, mu mun san Sakkwato ce. Balarabe fi'ili zai ɗauke ta. Gobir da gain ake rubuta ta, Katsina takan zo da shin, Zazzau ta zama Zakzak, Kabi kuwa baƙi biyu ne kacal. Mai karanta Infaƙul Maisuri, littafin tarihin jihadi na Sarkin Musulmi Bello, da bai san inda Degel da Gudu da Tabkin Kwatto da Alwasa da Alkalawa suke ba, bai san an yi hijira a 1804 an ci Alkalawa a 1808 ba, nahawunsa ba zai cece shi ba. Ga kuma bayanan da almajirai kan rubuta tsakanin layuka ko a gefen warƙa da ajamin Hausa ko Fulatanci. A ajami ɗigon yamala a ƙasan baƙi shi ne wasalin e, gain ita ce g, ɗa mai ɗigo uku ita ce ts. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka kuskuren mai kwafi ne ya watsar, alhali a nan ne ake ganin yadda malaman da suka gabata suka fahimci matanin.

To me ya kamata a yi kafin tafiya? A ganina yaron da ya gama sakandare ya zauna gaban malamin zaure shekara ɗaya zuwa biyu, ko da kuwa gurbin zai jira. A fiƙihu, in ya wuce Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ya sauke Risala tukuna, domin ita da Muhtasar su ne littattafan da Shehu da almajiransa ke yawan komawa gare su, kuma sau da yawa ba sa faɗin shafi, wani lokaci ko sunan littafin ba sa faɗa. A nahawu ya haddace Ajuruma, ya karanta Mulha ko Ƙaɗarun Nada, ya fara Alfiyya. Inda aka fi sakaci shi ne lugga: Ishiriniya, Shu'ara, Muƙamar Hariri, Daliyyar Yusi. Waƙoƙin da ke cikin Tazyinul Waraƙati a kan salon mawaƙan Jahiliyya Malam Abdullahi ya gina su, da kukan kufai da siffanta raƙuma da kalmomin da Larabawan yau ma sai sun buɗe ƙamus. Wanda ya yi digiri a Shari'a ko Usuluddini ba zai haɗu da su a aji ba. Sannan aruli, wato ilimin awon waƙa, bahar (ma'auni) goma sha shida. Ba domin ya zama mawaƙi ba; awon baiti shi ne ke nuna maka inda mai kwafi ya tsallake kalma ko ya ƙara. Ko waƙoƙin Nana Asma'u na Hausa da Fulatanci a kan awon Larabci suke, da tahamisin da aka yi wa wasunsu.

Kada a ɗauka ina cewa zaure ya wadatar. Yana da gurguntarsa. Almajiri zai yi maka i'irabin baitin Alfiyya tsaf, amma ka ce ya rubuta wasiƙa shafi guda da Larabci ko ya bi lacca ta awa ɗaya, sai gumi. Dalili kuwa a zaure ana fassara kalma-kalma zuwa Hausa, kunne bai saba da jin jimla ta wuce ba tare da an tsaya ba, hannu kuma bai saba da insha'i, wato tsara rubutu na ƙashin kai, ba. Wannan shi ne abin da waje ke bayarwa: harshe mai rai, rubutu, tsarin bincike, da manyan ɗakunan karatu. Don haka tafiyar tana da amfani, in an san abin da aka je ɗaukowa.

Zaɓen ƙasa ma ya kamata ya bi manufa, ba inda aka fi ba da alawus ba. Mai son kundayen gida ya fi samun kusanci a Maroko da Muritaniya, domin rubutunsu ɗan'uwan namu ne, Warash suke karantawa, Malikiyya suke bi, kuma mahalarorin Muritaniya, wato makarantunsu na zaure, har yau a kan haddar matani suke, irin su Risala da Muhtasar da Alfiyya. Sai dai mahalara ba ta ba da takardar da ma'aikata za ta karɓa, kuma Darija, Larabcin titi na Maroko, tana da wuyar kamawa, ga Faransanci a harkokin ofis. Masar ta fi kowa yalwar littafi da arahar bugu. A Azhar ana karanta fiƙihu a kan mazhaba, saboda haka yaro ya tabbatar an rubuta shi a Malikiyya tun ranar rajista. A Alƙahira ne kuma Darul Kutub take, da cibiyar kundayen Larabci ta Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa, inda ake koyar da aikin tahƙiƙi, wato gwada kwafe-kwafen littafin rubutun hannu a tace matanin domin bugawa. Mai wannan buri ya nemi kwas ɗinsu tun yana aji biyu. Saudiyya ta fi tsari wajen masauki da tallafi, kuma tana da ƙarfi a hadisi da sanin maruwaita, abin da mai tahƙiƙi ba ya rabuwa da shi. Ga Jami'ar Musulunci ta Say a Nijar, wadda daga Illela ko Kamba tafiyar mota ce, da Larabci ake karatu a cikinta, kuma Yamai na da ma'ajiyar kundayen Larabci da ajami a jami'arta. Mutane na raina ta saboda kusa take. Sudan kuwa, wadda a da ita ce mafakar masu ƙaramin ƙarfi, tun yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 aka kwaso ɗalibanmu, wasu ba su ko fito da takardunsu ba.

Maganar takardu kuwa, a nan ne shekarar mutum ke ƙonewa a banza. Abu na farko suna. Usman a takardar NBAIS, hukumar jarrabawar Larabci da addinin Musulunci, Usmanu a fasfo, Uthman a katin ɗan ƙasa, ga ranar haihuwa ta saɓa. Jami'o'in Larabawa sun saba da suna mai gaɓa huɗu, na mutum da uba da kaka da dangi, kuma duk yadda mai fassara ya rubuta shi da Larabci ranar farko haka zai bi ka har takardar digiri. A daidaita komai da fasfo tun a gida, a kuma tsaya a kan mai fassara ya rubuta sunan baƙi-baƙi yadda ake so. Bayan fassara sai tantancewa a Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, sannan Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za a je, a jere haka. Wanda ya tsallake ɗaya za a dawo da shi. Tallafin Saudiyya na digirin farko yana da iyakar shekaru, 17 zuwa 25, kuma ba sa son takardar sakandare da ta daɗe, saboda haka zaman zauren da na ambata a lissafa shi da wannan. A Azhar a tambaya tun daga nan ko takardar yaron tana da mu'adala, wato an amince ta yi daidai da tasu. In ba ta da ita, jarrabawar gwajin matsayi zai yi, kuma ana iya mayar da shi cibiyar koyon harshe ko ma'ahad na sakandare kafin ya ga ƙofar kulliya. Ba abin kunya ba ne, amma shekaru ne da kuɗi, kuma wanda ya gama digiri bayan ya haura shekara 30 takardar yafewa zai samu a maimakon bautar ƙasa. Ita bautar ƙasar tana neman kiredit biyar na sakandare har da Turanci da Lissafi, da fassarar takardar digiri, da fasfon da ke nuna biza da ranakun fita da shigowa. Kada a yar da tsohon fasfo don an sabunta. Kuɗin guzuri kuma a lissafa shi da dala, ba da naira ba: iyayen da suka yi kasafi kafin watan Yunin 2023, lokacin dala na ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati, sun ga ta haura 1,500 cikin 2024.

In an isa, abokin gaba na farko shi ne ɗakin 'yan gida. Mutum shida daga Sakkwato da Kano a gida ɗaya, tuwo da miyar kuka, hira da Hausa dare da rana, waya kuma tana hannu. A shekara huɗu Larabcin da zai shiga kunne na aji ne kawai. Na titi kuwa wani abu ne daban: Bamisire jim ɗinsa g ce, ƙaf ɗinsa hamza, kuma wasu malaman jami'a da wannan harshen suke bayani. A koyi na kasuwa gwargwadon sayen burodi da sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, amma a nemi abokin ɗaki daga Indunusiya ko Senegal ko wata ƙasa da dole sai da Fusha, Larabcin littafi, za a fahimci juna. Abokin gaba na biyu muƙarrari, ɗan littafin da malami ya tsara don jarrabawa. Ana iya haddace shi a mako uku a ci jarrabawa a manta. Karatu na gaske yana halƙoƙin masallacin Azhar da na Masallacin Annabi, inda ake bin littafi daga bango zuwa bango, kuma kyauta ne.

Akwai wani abu da ba a cika son faɗa ba. Shehu da jama'arsa Malikawa ne, a aƙida suna kan tafarkin Ash'ari da littattafan Sanusi, a ɗariƙa Ƙadirawa ne. Yaro zai iya zuwa inda ake karantar da saɓanin wasu daga cikin waɗannan, ya gamsu, wannan tsakaninsa da iliminsa ne. Abin da bai halatta ba shi ne ya zo buga littafin Shehu ya datse babin da bai yi masa daɗi ba, ko ya cusa masa ra'ayin da ba nasa ba, kowane ɓangare yake. Wannan cin amanar ilimi ne. In yana da ta cewa, ga ƙasan shafi nan. Shehu da kansa ya yi gargaɗi a kan yin inkarin abin da malamai suka yi saɓani a kansa.

Shawarata ga wanda zai yi digiri na biyu ita ce ya tafi da littafin gida a jakarsa, ya yi tahƙiƙinsa. Ya fara da ƙarami, warƙa ashirin zuwa arba'in, ba tafsiri mai juzu'i huɗu ba. Kafin ya miƙa tsarin bincikensa ya bincika ko an riga an yi aikin, domin an yi tahƙiƙin da dama a jami'o'in Sakkwato da Kano da Zariya, suna kan kanta ba a buga ba. Juzu'i na biyu na kundin John Hunwick kan rubuce-rubucen Larabci na Afirka, na 1995, zai nuna masa sunayen littattafai da inda kwafinsu suke. Sai tara kwafi, aƙalla uku, kuma kada su zama daga uwa ɗaya: a duba gidan tarihi na Waziri Junaidu, da Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, da Ibadan, da gidajen malamai. Wannan aiki a gida ake yinsa lokacin hutu, ba ya yiwuwa ta waya daga Alƙahira. A zaɓi kwafi ɗaya ya zama asali, mafi kusa da mawallafi, ba mafi kyawun rubutu ba, domin sau da yawa mai kyawun hannu ba malami ba ne, abin da ya gani yake zanawa. A kula da ƙarshen littafi: tarihin da ke wurin wani lokaci na gama wallafa ne, mai kwafi ya kwafe shi tare da matanin bayan shekara ɗari. Takardar kanta tana taimakawa. A ɗaga ta ga haske, yawancin na ƙarni na 19 suna da tambarin jinjirin wata uku na masana'antun Italiya. Muƙabala kuwa, wato gwada kwafi da kwafi, mutum biyu ke yinta, ɗaya na karantawa da ƙarfi, ɗaya na bin ɗaya kwafin da ido, duk saɓani a rubuta shi a ƙasa da alamar kwafin. Kada a gyara komai a ɓoye, ko da kuskuren nahawu ne ƙarara. Ayoyi a bar su a ruwayar Warash yadda mawallafi ya kawo su, a kuma tuna ƙidayar ayoyin ta bambanta, 6,214 a ƙidayar Madina, 6,236 a ta Kufa da Hafsu ke bi, don haka lambar aya tana iya gocewa da ɗaya ko biyu.

Kundayenmu ba a ɗinke suke ba, warƙoƙi ne a sake cikin tadarishi, kuma ba su da lambar shafi. Abin da ke riƙe da jerinsu shi ne kalmar da ake rubutawa a ƙasan bayan warƙa, wadda ita ce za ta buɗe warƙa ta gaba. Mai ɗaukar hoto ya bi wannan kalma warƙa-warƙa kafin ya ɗauka, ya kashe fitilar waya, ya ɗauka a inuwa mai haske, ya sa abin awo a gefe, ya haɗa da gefunan takarda gaba ɗaya saboda bayanan da ke wurin. Lokacin hunturu takarda takan bushe ta yi ƙaras, lanƙwasa kaɗan sai ta karye. Da damina kuma laima da gara ne. Kada a manna salatif a inda ya yage, kada a kai a rufe da roba mai zafi, domin tawadar gida da ƙaro aka haɗa ta, zafi da danƙo suna ɗaga ta. Masu gidajen da ke riƙe da kundayen suna da hujjar rowarsu, an sha karɓar aro ba a mayar ba. A ɗauki hoton a gabansu, a zaurensu, a ba su kwafi a takarda da kuma a waya, a rubuta sunan gidan a risala in sun yarda.

Ga hukumar ba da tallafin karatu ta jiha da attajiran da ke ɗaukar nauyin ɗalibai kuwa, abu biyu nake roƙo. A sa gwajin karanta warƙa ɗaya ta rubutun hannu cikin tantance masu neman tallafin Larabci, wanda ya kasa a ba shi wata shida a zaure kafin ya tashi. Sannan duk wanda aka biya wa digiri na biyu ko na uku a sharɗanta masa ajiye kwafin risalarsa, da hotunan kundayen da ya yi aiki da su, a gidan tarihi na Waziri Junaidu da ɗakin karatun jami'a kafin a ba shi kason ƙarshe na kuɗinsa.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin Larabci,
Sakkwato.